Ɗinki Bakwai a Bayan Hannun Dama

Ranar Talata ce, ranar rigakafi. Tun ƙarfe bakwai na share harabar asibiti, iya inda ido ke gani. Na jera benci uku a gindin darbejiya, na rataye sikelin jarirai a reshe. Sannan na zauna ina shan raken da ba ni na shuka ba.

Ni ne maigadin asibitin ƙauyenmu, can bayan Saulawa ta ƙasar Ikara. Asibiti dai a baki. Ɗaki biyu ne da baranda, gado uku, ɗaya kan bulo yake tsaye. Karatuna na yaƙi da jahilci ne, kuma jahilcin ne ya ci yaƙin. In kun ga rubutun nan a karkace, haka mai shi yake.

Nas ɗinmu ɗaya ce, Sista Rabi. Mutanen gari likita suke ce mata. Ita ke awo, ita ke karɓar haihuwa, ita ke allura, ita ke goge ƙasa in na sulale. Daga Ikara take zuwa a babur ɗin Audu ɗan acaɓa. Ita ta ɗaura mini tsohon agogonta, don ta gaji da jin "ɗazu-ɗazun nan" in ta tambaye ni yaushe mara lafiya ya sha magani. Shi ya sa zan iya faɗa muku lokaci.

Allurar kashe zafi ba ta daɗewa a asibitinmu. In ta ƙare kuma ga mai rauni, sai Sista ta sa safar hannu ta ce, "Baba, kunna rediyo." Ni ne rediyon. In riƙe mutum, in cika masa kunne da surutu, ita kuma ta yi ta ɗinki. Kafin ya gane ƙarya nake an gama. Wannan kaɗai ne aikin da na taɓa iyawa a duniya.

Sati uku kafin Talatar, wani baƙo ya zo da sara a bayan hannun dama. Ya ce adda ce ta kuɓuce masa a gonar rake. Ba allura. Na riƙe hannun, na kunna. Na ce masa ya kwantar da hankalinsa, matar nan har harsashi ta taɓa cirowa daga cinyar wani maharbi, da idona na gani. Na ce ranar Talata ƙarfe tara ba ta saɓawa, ko ana ruwa. Na ce wayarmu ba ta kamawa sai an hau tudu. Yana tambaya, ina ƙarawa da gishiri. Ɗinki bakwai ta yi masa, ni na ƙirga. Ya yi godiya, har ya ba ni goro. Na ci.

To, Talatar. Tara saura biyar Audu ya sauke ta, da kular allurar rigakafi a cinyarta. Ta ce, "Baba Rediyo, sharar nan kai ka yi ko kaji?" Na ce kaji ne, ni dubawa na yi. Ta miƙo mini kular ta ce in sa a inuwa, kada rana ta taɓa ta. Kullum sai ta faɗa.

Ƙarfe goma benci ya cika. Mata sha tara, kowace da goyo da kati a hannu. Jarirai na tsala ihu, Sista na lallashi.

Goma da kwata na ji babura. Babur ɗin garinmu kowanne na san tarinsa. Waɗannan ba sa tari. Sun yi yawa, kuma ta hanyar fadama suka ɓullo, inda ba mai bi.

Harbi na farko daga wajen mai shayi ya zo. Sai na biyu, sai aka daina ƙirgawa. Tattabaru suka tashi daga rufin masallaci. Wata mata ta saki katinta ta fara salati.

"Ina likitar? A fito da likitar!"

Daga bakin hanya suke ihun. A nan na san wa ya aiko su. Ni ne.

A bayan katangar asibiti akwai wata kafa. Ni na cire bulo huɗu, don in riƙa zamewa gonar rake da rana. Sista ta sani, ta sha yi mini faɗa a kai. Ta juyo ta dube ni.

"Baba, ramin ɓarayinka! Kwashe su!"

Wata mata ta cire hijabinta ta miƙa mata ta rufe fararen kaya. Sista ta duba hijabin, ta duba matan, ta mayar mata. In ba su same ta ba, cikin raken za su biyo mu, ta sani. Ta cire safar hannu, ta nufi ƙofar gaba tana tafiya irin wadda take yi in an kira ta haihuwa.

Na tura mata ɗaya bayan ɗaya ta kafar. Ni ne na ƙarshe. Kafin in sunkuya na leƙa ta tsakanin ɗakunan nan biyu. Sun rufe fuska, duka. Amma wanda ya damƙi damtsenta da hannun dama ya damƙa. Tabon yana nan, sabo, jere reras kamar ɗinkin bakin riga. Aikinta mai kyau ne.

Ban fita ba. Ban yi ihu ba. Na shige ramina.

Goma da rabi muna cikin rake. Ganyensa yanka yake kamar reza. Matan suka cusa wa jarirai nono a baki, mai yunwa da mara yunwa. Wata da nata ya ƙi kamawa ta toshe masa baki da tafin hannu tana kuka ba murya. Muka bi kwalbatin ban ruwa a durƙushe, laka har gwiwa. A bayanmu hayaƙi ya tashi, na ji warin dawa tana ƙuna.

Sha ɗaya da minti goma baburan suka tashi. Ƙararsu ta yi yamma, ta yi ƙasa, ta ɓace. Ba wanda ya motsa.

Sai a lokacin na ga abin da ke kafaɗata. Kular rigakafi. Ban san sanda na ɗauka ba. Namiji guda cikin mata sha tara, ba sanda, ba adda, sai kula. Kuma ina ta kāre ta da rigata kada rana ta taɓa ta.

Ƙarfe ɗaya muka fito wata gonar tumatir. Takalmina ɗaya ya zauna a laka. Ƙarfe uku saura muka hau titi. Wani mai motar rake ya tsaya, ya kwashe mu a kan kaya har Ikara. A babban asibiti na miƙa kular ga wata nas. Ta buɗe. Ƙanƙarar ta zama ruwa. Ta ce allurai sun lalace, zubarwa za a yi. Ta tambaye ni ina Rabi.

Da Audu suka tafi, shi ma, yana bakin hanya yana jiran ta gama. Bayan kwana tara ya dawo a ƙafa, rabin mutum. Shi ya ba da labari. Ubangidan 'yan bindigar ne ke kwance a daji da harsashi a ciki. Sista ta ce musu wannan aikin tiyata ne, sai babban asibiti. Suka ce ƙarya take, ai an ce tana cirewa. Ta yi kwana uku a kansa da ruwan zafi da tsumma. Ya mutu da hantsi. Ba su bar ta ta kai azahar ba.

Maharbin da na ce ta ciro wa harsashi, ƙaya ce ta cire masa a ƙafa. Ni na mayar da ita harsashi don labari ya yi daɗi.

Yanzu ba na gadi, asibitin a kulle yake. Kasuwa nake ci. Ikara, Makarfi, Kudan, duk ranar da ta kama. Na zama mutum mai ladabi. Ba na wuce namiji ban ba shi hannu ba. In kama da hannu biyu, in tambayi gida, in tambayi iyali, in tambayi gajiya, da damina, da dabbobi, har sai na juya bayan hannunsa na gani. Yara na cewa tsohon ya taɓu. Manya na cewa tsufa ya gyara shi. Su yi ta faɗa.

Mutumin nan yana cin kasuwa, dole. Yana sayen gishiri, yana sayen mai. Yana iya rufe fuska, amma ba wanda zai ƙi ba tsoho hannu a gaban jama'a. Ranar da na kama hannun ba zan saki ba. Riƙe masu rauni na iya, shekara shida ina yi. Zan kunna rediyo yadda duk kasuwa za ta ji. Almakashinta na cire zare yana aljihuna, na tsince shi a baranda. Liman ya ce in bar wa Allah. Na ce na bar masa komai, ban da ɗinki bakwai. Nata ne, a jikin wanda bai cancanta ba suke, sai na warware su ɗaya bayan ɗaya. Ranar kuwa ba allurar kashe zafi.

Jariran nan sha tara duk suna raye. Wasu sun fara tafiya. Katinsu na nan wurina, na tattara daga gindin darbejiya, kowanne da gurbin da ba a cike ba. Mai shayi mun binne shi, da mutum biyu. Ita ba mu samu abin binnewa ba. Ta bar 'ya'ya uku a Ikara, ƙaramar ba a yaye ta ba.

Agogon yana aiki. Ran Talata, tara saura biyar, nakan duba shi.