Jirgin ƙarfen da na yi wa masunta

Kawuna, ƙanen mahaifiyata, shi ke yi wa masuntan babban tafkin da ke yamma da Ilela jirage. Na katako ne, masu faɗin ciki, masu nauyin tsiya, kuma wallahi ba kyan gani. In ya gama sabo sai ya cika shi da duwatsu ya nutsar a bakin ruwa kwana uku. Wai sai katakon ya sha ya kumbura, gaɓoɓin su matse. Ko bayan haka jirgin ba ya daina yoyo, kowane masunci na da ɗan ƙoƙon kwarfa a ƙafarsa.

Ni kuwa na dawo daga lakwal, wato makarantar boko, a tsakiyar shekarun tamanin da takardar walda, na buɗe rumfa a Konni, kaina na hayaƙi. Na zauna da takarda da fensir na zana jirgin ƙarfe siriri, mai tsinin baki, wanda ko ɗigo ba zai shiga ba. Na kai wa Kawu zanen. Ya juya shi sama da ƙasa, ya ce, "Ɗan lakwal, in wanga ya hudu a tsakiyar ruwa, da mi mai shi za ya toshe?"

Na ce ba ya huduwa.

Ya ce, "Nawa suna huduwa. Shi ya sa nike yin su yadda tsumma da kwalta da ƙusa biyu za su ishi mutum. Kuma ko ya cika maƙil ba ya tahiya ƙasa, mutum ya riƙe gehe ya kai gaci. Ni ranar da abu ya lalace nike tunani in ina aiki."

Raina ya ɓaci, don na zo ne a yaba min. Na ƙera jirgin, anka ɗauko shi a bayan mota, munka sa a ruwa gaban masunta duka. Kai, ya yi gudu! Mutum guda da filafili ya bar na Kawu a baya kamar an ɗaure shi. Nan bakina ya kwashe ni. Na ce da ƙarfi, "To ga jirgi! Wancan ai akushi ne mai yoyo, a kai wa mata su sa tuwo." Anka yi dariya. Kawu na tsaye da gizagonsa a kafaɗa. Ni da ya goya a wuya ya kai kasuwa.

Cikin shekara biyu masunta duk sun koma sayen nawa, babu mai zuwa wurinsa. Ya sayar da zarto da gizago, ya koma Tajaye wajen 'yarsa yana noman gero a tudu, inda ruwa sai na rijiya.

Damina ta huɗu tsatsa ta ci jiragena ta ƙarƙashi, wurin da ido ba ya kaiwa. Wata hantsi ɗaya ya bugi kututturen da ruwa ya rufe, ya yage. Kafin mai shi ya gama salati ya nutse da tarunsa da kifinsa, shi kansa da ƙyar anka jawo shi da gora. Sauran kuma duk wanda ya hudu sai an nemi mota zuwa Konni, don babu wuta a bakin tafki balle injin walda. Masunta sunka zo rumfata su biyar, sunka ce in yi musu irin na da. Ban san ko wane katako Kawu yake saye ba, ban taɓa tambaya ba.

Na hau mota zuwa Tajaye da goro da kunya. Na tarar da shi a zaure yana tufka igiya. Na durƙusa na roƙi gafara, na faɗa masa abin da ya faru, na ce ya koya min ko da ina da furfura ne. Ya sa anka kawo min fura, ya tambayi yara ɗaya bayan ɗaya, ya ce ya yafe tun ranar. Sai na sake cewa, "Kawu, aikin fa?"

Ya ci gaba da murza igiyarsa a cinya. Ya ce, "Ayya, ɗana, na mance."

Ƙarya yake, na sani, shi ma ya san na sani. Na sha furar har ƙasa, na yi masa sallama.