Gafarar da Sannu-Sannu yake nema

Bakaniken layinmu ne ya fara gaya mini wai akwai masu haɗa hatsari da gangan don su ci kuɗin inshora. Rubuta da kyau, jikalle, labarin ƙanena ne, direban tasi da ake kira Sannu-Sannu, don ko kaza ce a titi sai ya jira ta tsallaka.

Wata rana wata mota ta sha gabansa, ta taka birki ba gaira ba dalili, ya daki bayanta. Wata mata ta fito dafe da wuya tana kuka. Inshora ta biya masu motar, amma shi tun ranar ya rataye makulli a ƙusa. Kullum cewa yake, "Yaya, na nakasa 'yar mutane." Ya bi asibitoci yana nemanta ya roƙi gafara, har ƙafa ta gaza.

To jiya da na kwatanta wa bakaniken motar nan, ya ce ta sha zuwa gyara wurinsa, kullum bayanta ne a lotse, matar kuwa garau take, sana'arsu ce.

Ban gaya wa ƙanen nawa ba tukuna. Ban sani ba ko sanyi zai ji, ko takaicin shekarun da suka salwanta. Ajiye biron nan, miƙo mini sandata in je wurinsa.