Matafiyin Gidanmu

Gidanmu a Angwan Iya gidan sojoji ne, duk wani tsohon Keffi ya san haka, ko da yake yau in ka shiga ba za ka tarar da kowa ba sai malaman makaranta da masu shago da wani ɗanmu da ke sammakon mota zuwa Abuja. Kakana na wajen uba ya je yaƙin Bama zamanin Turawa ya dawo yana ɗingishi, ban riske shi ba. 'Ya'yansa maza biyu kuma duk sun shiga yaƙin basasa: babana sojan ƙasa, ƙanensa Baffa sojan ruwa. Baffa ya dawo. Babana bai dawo ba, ba a kawo gawarsa ba, ba a kuma ce ya mutu ba. Takarda ɗaya aka aiko cewa an neme shi an rasa. Ina ciki ya tafi, saboda haka a hoto kawai na san shi.

Baffa ne ya riƙe ni, kuma shi ne abin tsokanar unguwa. Mutumin da kafin ya tafi bai taɓa ganin ruwan da ya wuce rafin Antau ba, Antau ɗin ma sai da rani yake tsallaka ta, wai shi ne sojan ruwa. Abokansa kan ce ai ɓatan hanya ya yi, layin sojan ƙasa ya nufa ya faɗa na kusa da shi. Ba ya jin haushi. Sai ya ware ƙafafu yadda ya saba tsayuwa, ya ce duk wanda bai taɓa kwana uku yana amai a kan teku ba ya rufe masa baki. Har yau ba ya cin kifin ƙanƙara, ya ce shi ya ga kifi da ransa, ba zai ci wanda ya shekara da mutuwa ba. Sunan Kaka, mahaifiyarsu, aka sa mini, don haka Uwata yake ce mini, tun ina rarrafe har yau da nake da jikoki.

Kowace shekara cikin Sha'aban, kafin azumi ya kama, ana yi wa mamatan gidanmu saukar Alƙur'ani. Malamai su cika zaure, mu mata muna cikin gida muna fama da waina da tuwon shinkafa, Fulanin da muka saba da su daga wajen Agwada su kawo nono a dama fura. In an sauke, sai Baffa ya zaro takarda daga aljihu ya karanto sunayen mamata ɗaya bayan ɗaya, malam yana cewa Allah ya jiƙansa ko Allah ya jiƙanta, jama'a na amsawa. Ba ya buƙatar lasifika, muryar da ya koyo a jirgi har madafa take kaiwa. Sai can ƙarshe, bayan ya ninke takardar, ya ce, "Akwai matafiyinmu. Allah ya dawo da shi lafiya." A ce amin, a shafa. Matafiyin nan babana ne.

Kaka ce ta kafa wannan doka. Ta ce ba ta ga gawa ba, ba ta ga kabari ba, ba wanda zai kashe mata ɗa da baki. Tana da hujjarta: mijinta ma an daɗe ba a ji ɗuriyarsa ba daga Bama, har wasu sun fara yi mata kallon tausayi, sai ga shi wata rana ya yi sallama da akwatinsa na ƙarfe. Mahaifiyata ta yi jiran shekara huɗu, alƙali ya raba auren, ta yi idda, ta auri wani bawan Allah a Panda. Kaka ta daɗe ba ta amsa gaisuwarta da kyau. Har Kaka ta rasu, in mota ta tsaya a ƙofar gida sai ta aika a duba mata ko wa ya sauka. Da ta tafi aka rubuta sunanta a takardar Baffa, na ɗauka shi ke nan doka ta bi mai ita. Ina! Shekara ta zagayo, Baffa ya ninke takarda ya ce akwai matafiyinmu.

Ni ba mai shiru ba ce. Na yi shekara talatin da wani abu ina koyarwa, na riƙe makaranta, na yi faɗa da iyayen yara da manyan ofis ban taɓa sunkuyar da kai ba. Amma a kan wannan magana bakina ya mutu, domin da ita na tashi, ban taɓa tsayawa na dube ta ba. Sai shekara uku da suka wuce, da mijin mahaifiyata ya rasu. Na je Panda na zauna kwana uku, tun safe har yamma mutane suna shigowa suna cewa Allah ya jiƙansa, Allah ya haskaka kabarinsa, ina amsawa da zuciya ɗaya don mutumin kirki ne. A motar dawowa abin ya faɗo mini. Wannan bawan Allah a kwana uku ya samu addu'ar da ubana bai samu ba a shekara hamsin da ɗoriya. In ya mutu, to yana kwance a wani jejin da ba mu sani ba, mu kuwa kowace shekara sai mu taru mu ci waina mu yi masa fatan sauka lafiya. Na ji kunya, na kuma ji haushi, haushin ya fi yawa.

Na gwada yi masa addu'ar ni kaɗai a kan sallaya. Na faɗa, amma a hankali, ina waiwaye kamar mai satar nama a tukunya. Wannan ya ƙara tunzura ni. Ubana ba abin ɓoyo ba ne. Ina so a kira sunansa a zauren ubansa, kusa da sunan uwarsa, malamai su ce Allah ya jiƙansa da babbar murya kamar na kowa.

Saura mako biyu sauka na tafi wurin Baffa da hantsi. Yana kan bencinsa ƙarƙashin darbejiya yana jin rediyo. Na durƙusa na gaishe shi, ban tsaya kwana-kwana ba.

"Baffa, bana ina so a sa babana a takarda."

Ya rage rediyon. "Wace takarda?"

"Ka san wadda nake nufi."

"Uwata, kin ga gawarsa ne?"

"Da ransa ma ban gan shi ba, balle gawa."

Na gaya masa na tambayi malamin da ke ja mana sauka, ya ce in mutum ya ɓace har ya wuce shekarun da tsararrakinsa suka saba kaiwa, ana lissafa shi cikin mamata, babu laifi.

"Tsararrakinsa?" Baffa ya bugi ƙirji. "Shekara biyu kacal ya ba ni. To ni nan gawa ce ke miki magana?"

Nan raina ya ɓaci. Na ce in alkawari ya yi wa Kaka, ita yanzu ta riga mu sanin gaskiya. Na ce, "Baffa, ka yi tunani. In yana raye, ashe ya san yana da mata da ciki a Keffi ya ƙi waiwayowa shekara hamsin. Kullum ka ce matafiyi, abin da kake gaya mini ke nan. Ni gara in yarda ubana ya mutu da in yarda guduna ya yi."

Ya kashe rediyon gaba ɗaya. Ya matsa ya ce in hau bencin in zauna. Ban taɓa zama benci ɗaya da shi ba.

"Ba alkawarin da na yi wa kowa," ya ce. "Kin san yadda babanki ya shiga soja?"

Na ce na ji an ce kishin ƙasa ne, kamar kowa a lokacin.

"Kishin ƙasa! Ɗinki yake yi a bakin kasuwa, hankalinsa kwance. Ni ne na gudu Legas na shiga sojan ruwa ba da sanin kowa ba. Kakarki ta tashe shi ta ce ya je ya dawo da ni, kada ya sake ya shigo mata gida shi kaɗai. Ya same ni cikin fararen kaya, na riga na sa hannu, ba fita. Ya ce da wane ido zai kalli tsohuwa? Sai ya ce to bari shi ma ya shiga, in an gama mu koma tare. Sojan ƙasa ke ɗiba a lokacin, suka ɗauke shi."

Wannan ban taɓa ji ba. Ya ci gaba.

"Bayan wata nawa aka ba jirginmu oda mu kwashi sojojin ƙasa mu kai su wani bakin ruwa. Ina tsaye suna hawowa, sai ga wana da bindiga. Kwana biyu muna tare. Teku ta wahalar da shi, ko ruwa ya sha sai ya dawo, ni nake kawo masa shayi ina yi masa dariya. Da muka isa, jirgi ba ya kaiwa gaɓa, sai a saukar da su cikin ƙananan kwale-kwale. Ni na riƙe masa igiya ya sauka, Uwata, da hannun nan. Ya ɗago kai ya ce in ajiye masa shayinsa." Ya share fuska da tafin hannu. "Mu a aikinmu, wanda ka sauke kai kake kwaso shi. Duk lokacin da muka koma wurin, ina bakin tsani ina duba fuskar duk wanda ya hau. Aka gama yaƙi na dawo gida ni kaɗai. Ban taɓa gaya wa kakarki a jirgina ya tafi ba. Yanzu ki ce in ɗauki biro in rubuta shi da hannun da ya sauke shi?"

Na tausaya masa, har na ji kamar in ce a bar maganar. Amma na san in na tashi a haka, ba zan ƙara iya tayar da ita ba, shi kuma ya kusa tamanin.

Na ce, "Baffa, ban zo neman mai laifi ba. Kai ka riƙe ni, ka kai ni makaranta, ka aurar da ni, babu abin da yayanka zai tambaye ka a kaina. Amma shi ma yana da haƙƙi, kuma mun daɗe muna danne masa. In hannunka ba zai rubuta ba, kada ka rubuta. Ranar sauka in ka ninke takarda ba ka faɗa ba, ni zan faɗa daga cikin gida. Ka san muryata ma tana kaiwa zaure."

Bai ce e ba, bai ce a'a ba. Ya ce in gaida yara.

Ranar sauka na bar wa matan gida murhu, na ɗauko kujera 'yar tsuguno na dasa ta a bakin ƙofar da ke tsakanin zaure da cikin gida. Na gaya wa mijina abin da na ƙudura, ya ce shi dai kada in ja masa magana a gaban malamai, na ce ya zauna can baya. Ko kusa ban yi niyyar fasawa ba. Aka sauke. Na ji ƙarar buɗe takarda. Baffa ya kira sunan kakana, aka amsa. Ya kira na Kaka, aka amsa. Daga nan sunan wata gwaggonmu ya kamata ya biyo, na haddace jerin tun ina yarinya. Sai na ji shiru.

Shirun ya yi tsawo har wata daga madafa ta leƙo ta ce ko lafiya. Sannan na ji muryarsa, ba irin ta kullum ba, ƙasa-ƙasa, ya kira sunan babana da na ubansa. Ya ƙara da cewa, "Soja ne. Ya rasu a bakin aiki."

Malam ya ce Allah ya jiƙansa, Allah ya gafarta masa, Allah ya sa Aljanna ce makomarsa. Zaure ya ɗauki amin. Na buɗe baki na ce, "Allah ya jiƙan babana," da ƙarfi, kowa ya ji, ban waiwaya ba.

Abin da ban shirya masa ba shi ne abin da ya biyo baya. Matan gida suka ajiye ludayi da faifai, suka zo ɗaya bayan ɗaya suna durƙusawa a gabana suna yi mini gaisuwa, kamar da safen nan aka fita da shi. Maƙwabta suka ji, suka yafo mayafi suka shigo. Wata tsohuwar Bafulatana da ta kawo nono, wadda ta ce babana ya taɓa ɗinka wa mijinta riga, ta riƙe hannuna tana kuka. Ni da na zo da shirin faɗa, sai ga ni a zaune ana ba ni haƙuri ina amsawa.

Da malamai suka watse, Baffa ya shigo cikin gida yana dogara sanda. Mata suka dare. Ya zo har gabana, da gwiwoyin nan nasa da ba sa lanƙwasuwa ya dafa bango ya tsuguna.

"Uwata, ya haƙuri?"

Na ce, "Da godiya, Baffa."

Sai a lokacin na lura duk mutanen nan ni kaɗai suka yi wa gaisuwa. Shi da ya rasa wansa, uwa ɗaya uba ɗaya, ba wanda ya tuna da shi, kamar yadda ba wanda ya taɓa tunawa tun ranar da ya dawo. Na sauko daga kujerar na durƙusa daidai da shi.

Na ce, "Baffa, ya haƙurin rashin Yaya?"

Ya sa hannun rigarsa ya rufe fuska, kafaɗunsa suna rawa, a tsakar gida, a gaban 'ya'ya da jikoki. Ba wanda ya ce masa ya yi shiru. Na zauna a ƙasa kusa da shi har ya gama.