Ƙarfen da Na Yi Murhu da Shi

Edita, a tsakiyar shekarun saba'in ni matashiya ce mai goyo, haifaffiyar Hashimi a Suleja, lokacin ana kiran garin Abuja. Ina da girman kai, ba na son tambaya don kada a ce mini baƙauya. Maigidana kofur ne na soja, aka tura shi wani ƙaramin bariki can bakin hamada inda ake gwajin igwa, na bi shi.

Ɗakuna ne jere cikin rairayi, bayansu waya da jar tuta. Ni da na tashi inda dutse ke tuntuɓe da mutum, sai ga ni na rasa dutsen kafa murhu. Gwangwanayen da matan barikin ke ɗora tukunya a kai kullum lotsewa suke. Maigidana ya gargaɗe ni kada in tsallaka waya, amma bai faɗi dalili ba, ni ma ban tambaya ba. Wata safiya da babu harbi na ratsa ta wata ɓaraka, na samo ƙarafa uku masu tsatsa. Biyu kwanso ne fanko, na ukun mai nauyi da tsinin kai. Har murna nake wai ba zai goce ba. Na binne gindinsu a ƙofar ɗaki, na hura wuta, na kwantar da 'yata a tabarma kusa da ni.

Ruwan tuwo ya fara tafasa maigidana ya dawo. Ya tsaya cak yana kallon ƙarƙashin tukunyar. Da murya ƙasa-ƙasa ya ce in ɗauki yarinya in nufi masallaci, kada in waiwaya. Na buɗe baki zan ce tuwona fa, sai na dube shi. Ban taɓa ganin tsoro a fuskarsa ba sai ranar. Na ɗauki yarinya na goya. Ina tafe ina jin shi yana buga ƙofofi, yana korar mata da yara. Aka ce masa kada ya koma wurin murhun, ya ce akwai mai naƙuda a ɗakin ƙarshe da ba ta ɗaguwa, dole ya janye itacen.

Ashe ƙarfen nan mai tsini harsashin igwa ne da bai fashe ba; ƙarar fashewarsa ta kayar da ni da goyona. Mai naƙudar ta tsira, shi ma ya rayu, amma hannunsa na dama ya tafi, aikin soja ya ƙare. Muka dawo Hashimi. Har ya rasu bai taɓa goranta mini ba, cewa yake laifinsa ne da bai yi bayani ba. Wannan haƙurin nasa ya fi duka ciwo.

Ina roƙon masu karatu, in kun je baƙon wuri ku tambaya kafin ku taɓa abin da ba ku sani ba. Maza kuma, in za ku hana, ku faɗi dalili. Ni dai tun daga ranar, duk tuwon da na tuƙa masa, ni nake yanka masa loma.