Kalmidanga Tsakanin Ruwa Biyu

Duk yaron da aka haifa a tsibirin Kalmidanga cikin shekara ashirin da ɗoriyar nan, Jobeda ta taɓa sa shi kuka. Ita ce mai rigakafin garin. Gajeruwar mace ce mai jiki, baƙar lemarta ba ta rabo da hammatarta, bakinta ja wur saboda taunar ganyen pan da ake ci kamar goro, kuma in tana magana a bakin kogi ana jiyo ta a gonar rama. Babba da yaro Apa suke ce mata, wato Yaya, har tsofaffin da ta yi rarrafe a gabansu.

'Yar masunci ce, a nan aka binne cibiyarta. Ubanta ya tura ta makaranta a gaɓar yamma wajen ƙanwarsa, mutane suna ta dariya wai me 'yar mai taru za ta yi da boko. Ta dawo ta auri Afsar Ali mai jirgin inji, suka haifi ɗa ɗaya, Montu, kafin ciwon ƙirji ya ɗauke mijin. A shekarar ta sami aikin. Lokacin kuwa mata ɓoye 'ya'ya suke yi in sun hango ta, wata a bayan buhun shinkafa, wata a ɗakin akuya. Jobeda ba ta faɗa da kowa. Sai ta shiga gidan ta nemi wuri ta zauna, ta ce a kawo mata abinci, ta ci, ta nemi ƙari, tana ta zuba labari har jaririn ya gaji ya tona wa uwarsa asiri da kuka. Da mata suka ga shinkafarsu ce ke ƙarewa, suka fara kawo yaran da kansu.

Kalmidanga a tsakiyar kogin Jamuna take, ruwa ta yamma, ruwa ta gabas. Kowane gari da gundumar lafiyar da aka jingina shi da ita, kuma wannan jinginar ba ƙaramin abu ba ce. Daga can allura ke zuwa, can mai tarin fuka ke karɓar maganinsa, can ake tura mai naƙudar da ta gagara, jirgin asibitin can ne kuma zai taso in an kira. Tun kaka da kakanni Kalmidanga ta gundumar yamma ce, domin ruwan yamma siriri ne, yara ma kan iyo su haye, na gabas kuwa shi ne babban ruwa.

To amma Jamuna ba ta shawara da kowa. Cikin 'yan damuna kaɗan ta kwashe babban ruwanta ta mayar yamma, ta bar wa gabas rairayi da ɗan mashigi. Garin ko taku ɗaya bai gusa ba, sai ga shi ya wayi gari a gefen gabas. Da damuna yanzu, mai zuwa asibitin yamma sai ya ɓata rabin yini jirgi yana kokawa da igiyar ruwa, alhali na gabas kafin ka gama tauna pan ɗinka ka isa gaɓa. Ba wai mutanen gabas suna korar marar lafiya ba, a'a, amma jirginsu ba ya tashi don garin da ba nasu ba, kuma ba su san cikin kowace mace a Kalmidanga ba sai ranar da aka kawo musu ita a kwance.

Da abin ya yi yawa, likitocin gundumomin biyu suka ce za su zaga tsibiran su gani da idonsu, duk garin da ya kamata ya sauya gunduma a sauya masa. Jobeda ta fahimci abin da hakan ke nufi tun kafin a gama faɗa. Ita ma'aikaciyar yamma ce. In Kalmidanga ta koma gabas, za a karɓe garin daga hannunta a ba wata, ita kuma a ba ta ƙauyukan gaɓar yamma inda ba wanda ya san sunan ubanta, ta riƙa haye babban ruwan da tsufanta.

Wata yamma tana gyaran ƙananan kifi a tsakar gida, sai ga Tofazzal, kansilan garin, ya yi sallama. Sa'anta ne, tare suka yi wasan ƙasa, don haka ba ta ko tashi ba.

“Apa, kin ji dai abin da ake shirin yi mana.”

“Na ji. Zauna, kada ka taka mini kifi.”

“Ki kwantar da hankalinki, na gama komai. Na roƙa a sa zuwansu cikin rani, kuma ta yamma zan ɗauko su. Kin san yadda hanyar take a lokacin, rabin hanya keken doki ne a kan rairayi, ruwan da ya rage ɗan kaɗan. Su zo su ci kifi, su koma su ce ba abin da ya sami Kalmidanga.”

“Ashe har kogin ma ka ba shi cin hanci.”

“Ke dai bari. Kasuwarmu yamma, surukanmu yamma, mu kwashi matanmu mu kai wa mutanen gabas masu kwaikwayon maganarmu suna dariya? Kuma wa za su turo mana? Wata mai takalmi mai tsini da za ta toshe hanci in ta shiga gidajenmu. Mu ke muka sani. In Dakta ya tambaye ki, ki ce lafiya lau, shi ke nan fa.”

“Ni da bakina?”

“To ki cika shi da pan ki yi shiru, ai ba a taɓa ɗaure mutum don ya yi shiru ba.”

Ta yi dariya ta jefe shi da kan kifi. Gaskiyar magana kuwa, shawarar ta yi mata daɗi, ta kuma so ta bi. Tana son garin nan, tana son yadda yara ke tarwatsewa in sun gan ta sannan su biyo ta a baya, kuma tana tsoron zama baƙuwa a wurin aiki bayan furfura ta fito. Ba wanda zai zarge ta in ta yi shiru, gari ma gode mata zai yi.

Abu ɗaya ne ya hana ta sakewa. Damunar da ta wuce ta raka Kulsum matar Habibor asibitin yamma, naƙuda ta tsaya mata. Da rana tsaka ne, ba hadari ba komai, ruwa ne kawai ya cika ya batse. Injin yana ta ƙara, gaɓa tana nan inda take, Kulsum tana matse mata hannu tana tambaya ko an kusa. Jobeda ta yi ta cewa an kusa. An ceto uwar, ɗan bai zo da rai ba. Gari ya ce ƙaddara, ita ma ta ce ƙaddara, kuma ƙaddarar ce. Sai dai duk tsawon tafiyar nan, in ta waiwaya tana hango bishiyoyin gaɓar gabas.

Ranar zuwan likitoci gari ya yi kwalliya. An share makaranta, an jera benci, an dafa shinkafa da kifi da miyar kabewa. Keken doki ya sauke Dakta Anisur na yamma, shugaban Jobeda, da wata likita mace ta gabas, ƙafafunsu ko jiƙewa ba su yi ba. Tofazzal ya miƙe ya yi jawabi har gumi ya jiƙa masa riga, ya yabi yamma, ya yabi gabas ma don kada a ce, sannan ya ce ga hanya nan sun gani da idonsu.

Likitocin nan ba yara ba ne, su ma 'yan kogi ne, sun san rani ba ya ba da labarin damuna. Amma gari guda ya haɗa baki ya ce bai son sauyi, su kuma ba su zo yin dole ba. Dakta Anisur ya waiwaya ya ce, “Jobeda, ke ce kike hawa ruwan nan rani da damuna. Ba na so in rasa garin nan, ba na so in raba ki da shi. Amma abin da kika faɗa shi za mu bi. Ina ya fi musu?”

Tofazzal ya miƙo mata kwanon pan yana murmushi. Ta karɓa, ta ajiye a kan benci.

“Gabas, Dakta.”

Wani a baya ya ce, “Apa, me kika ce?”

“Kurma ne kai? Na ce gabas. Hanyar da kuka biyo yau ta wata huɗu ce, sauran shekara ruwa ne wanda ba a hango ƙarshensa. Duk wanda ke zaune a nan ya san haka, har mai jawabin. Kasuwa ku ci gaba da cin ta a yamma, surukai ma ba wanda ya ce ku sake su. Amma mai naƙuda ba ta jiran rani.”

Tofazzal ya ce, “Kin san dai ke za a cire, ko? Ke za ki riƙa haye ruwan nan.”

“Na sani sarai. Ni da lafiyata zan hau, da lemata, in ya yi fushi in jira gobe. Wadda ɗa ya tsaya wa ba ta da gobe.”

Ba wanda ya tafa mata. Kifin ma da ƙyar aka ci. Kafin damuna ta sauka Kalmidanga ta koma gundumar gabas, Jobeda kuma ta fara sammakon jirgin yamma.

Mutane kuwa, wallahi ba a iya musu. Waɗanda suka ce saboda son ta suke ƙin gabas, su ne suka daina amsa gaisuwarta da kyau. Wai ta sayar da gari. Sayarwa ga wa, a kan nawa, ba mai iya faɗa, amma maganar ta zaga. Abin ya yi mata ciwo ƙwarai, ta yi kuka a ɗakinta ba sau ɗaya ba, sai dai ko sau ɗaya ba ta ce da na sani ba.

Sai ranar rigakafin farko ta zo a hannun sabuwar ma'aikaciya, wata mai suna Shefali, doguwa mai sanyin magana, da silifas ɗin roba kamar na kowa. Ta shimfiɗa kayanta a rumfar makaranta tun da safe. Rana ta ɗaga, ba ko mace ɗaya. Matan gari sun haɗa baki, wai ba baƙuwar da za ta taɓa musu 'ya'ya. Ka ji fa, fushi suke da Jobeda, kuma don Jobeda suke yajin.

Ita kuwa da ma ta nemi hutun ranar, don ta san halin mutanenta. Ta leƙa ɗakin surukarta Moyna, matar Montu, wadda jaririnta Ratan ya isa allurar farko.

“Miƙo min shi.”

“Inna, mata sun ce duk wadda ta je…”

“Mata ne suka haifa miki shi? Miƙo.”

Ta saɓa shi a kafaɗa, ta bi ta tsakiyar gari, hanya mafi tsawo, tana tsayawa a kowace ƙofa tana gyara masa hula don kowa ya gani. Shefali na hango ta ta miƙe tsaye.

“Apa, sannu da zuwa. Ga kujera. Ko ke za ki yi masa da hannunki?”

“Zauna ki yi aikinki. Jika na kawo.”

Ta zauna a bencin iyaye, inda ba ta taɓa zama ba, ta buɗe cinyar yaron ta riƙe. Ta ga Shefali ta kama sirinjin ba yadda ita take kamawa ba, gyara ya zo mata har leɓe, ta haɗiye shi. Da allurar ta doso, Jobeda da ta tsira wa yaran gari guda ba tare da ta ƙifta ido ba, sai ta kawar da kai. Ratan ya tsanyara kuka, ta rungume shi tana jijjigawa, idonta ya cika, ta bar shi ya zuba.

Tana cikin lallashi ta ji motsi a bayanta. Kulsum ce a tsaye da tsohon ciki, ta zo awo. A bayanta wasu mata uku da goyo, suna kallon ƙasa, ga wasu can suna tahowa ta gefen gonar gyaɗa. Ba wadda ta ba ta haƙuri, ita ma ba ta nema ba.

Wata yarinya mai ɗanyen goyo, wadda Jobeda ta yi wa allura tun tana cikin tsumma, ta taɓa mata kafaɗa.

“Kakar Ratan, in an gama da ku a ba mu wuri mana, rana na yi.”

Jobeda ta share fuska da gefen zaninta, ta gyara wa jikanta hula, ta tashi ta ba su wuri.