Babbar Motar Malam Tankari

Malam Tankari mutumin Maraɗi ne. Ya daɗe yana tuƙin haya tsakanin Maraɗi da Kano, kafin yayansa ya kawo shi Guangzhou ta ƙasar Sin don ya riƙa saya masa kayan gyaran mota. Yayan ya rasu, shi kuma ya zauna. A gidan abincin Hajiya Mariama da ke unguwar Sanyuanli muka saba. Kusa da ƙofa yake zama da kofin shayi, yana magana da duk wanda ya tsaya saurarensa. Yawanci ni ne.

A bayan gari akwai filin tseren motoci. Wasu ranakun akan buɗe shi ga kowa, mutum ya biya ya shiga ya yi gudu son ransa. Samarin Sin da ba sa son wahalar da motocinsu sukan yi hayar wata motar. Da Tankari ya ga haka, sai ya tattara duk abin da ya mallaka ya buɗe ɗan kamfanin bayar da haya. Takardar zamansa a ƙasar ta dogara da kamfanin nan. In kamfanin ya mutu, sai gida.

Motoci biyu Laoban Chen, mai garejin da ke bakin filin, ya nuna masa: ƙarama 'yar Japan mara nauyi, da wata babba 'yar Jamus. Chen ya ce ya ɗauki ƙaramar. Tankari ya zagaya ta, ya danna bayanta da hannu biyu yadda ake yi a tasha, ya ce wannan ko buhun gero uku ba za ta ɗauka ba. Ya ƙwanƙwasa ƙofar babbar, ya ji ƙarfe na gaske. Ita ya saya.

"A hanyar Jibiya, ɗana, mota mai nauyi ce ke kai ka gida," ya ce mini. "Wa zai gaya mini akwai titin da ba rami ko ɗaya?"

A filin nan kwana ce bayan kwana, kuma kowace sai an taka birki da ƙarfi. Nauyin da ya so shi ke cinye taya da birki. Ƙaramar, wadda Chen ya riƙe wa kansa, takan wuce kaka guda ba a canza mata taya ba, mai kuma kaɗan take sha. Ta Tankari kuwa fita biyu ta gama da tayoyin gaba. In wani abu ya lalace a ta Chen, kowane shago akwai. In Tankari ya je neman na tasa, sai a girgiza kai a ce meyo, wato babu, sai an yi oda daga waje. Kuɗin hayarsu kusan ɗaya ne.

Sai ya koma dabarar gida. Ya sayo tayoyin hannu, zanensu bai ko goge ba, irin waɗanda a Maraɗi za su shekara suna aiki. Mai duba motoci a ƙofar filin ya danna ɗaya da farce, ya ce zafi ya busar da robar, ba za ta kama titi ba. Ya hana motar shiga. Saurayin da ya yi hayar ya karɓi kuɗinsa, ya kuma ba abokansa labari a waya. Tun daga ranar babu wanda ya sake neman Tankari.

"Malam, ni dai ban taɓa ganin sana'a irin taka ba," in ji Hajiya Mariama tana ajiye masa tuwo. "Ba fasinja, ba kaya, a yi ta zagaye a dawo inda aka tashi."

"Hajiya, ke ma kullum tukunya ɗaya kike zagayawa."

"Tawa tana ciyar da mutane."

Ya yi dariya, amma bai cinye tuwon ba.

Da lokacin sabunta takarda ya matso, kamfanin ba shi da cinikin da zai nuna. Chen ya ƙi sayen motar, ya ce shi ma cinye shi za ta yi. Masu yanka motoci ne suka ɗauke ta. Na raka shi wajen, muka tsaya suna ciro injin, wanda wani Bakano ya riga ya taya don kwantenarsa.

A cikin jirgin ƙasa muna dawowa, ya tambaye ni ko har yanzu ana ɗaukar direbobi masu shekarunsa a Kano. Na ce ban sani ba. Ya ce idonsa ma yanzu ba ya hango nesa sosai, sannan ya roƙe ni in duba masa tikiti mai sauƙi zuwa Yamai.