Bishiyar Kanumfarin da Aka Bar wa Malam Isyaku

Har yau ban manta da ranar da Malam Isyaku ya shigo ofishinmu na tafiye-tafiye da ke unguwar Shumaisi a Riyadh ba, kuma ba na jin zan manta. Ku da kuka zo aikin nan a bayana kuna yi mini tsiya, wai ina cika mutum da tambaya kafin in nuna masa hoto ko ɗaya. To yau ku ja kujera ku ji dalili.

A lokacin ina shekarata ta biyu a teburin yawon buɗe ido. Kafin nan na daɗe a teburin tikiti, inda aikin bai wuce ka yanka wa mutum tikitin Kano ka ce masa Allah ya sauke shi lafiya ba. Teburin yawo kuwa kai ne za ka tsara wa mutum komai, daga biza da masauki har motar da za ta ɗauke shi da abin da zai gani kowace rana. Wannan tsarin shi muke kira barnamaj. Manajanmu Ustaz Usman, mutumin Sudan, yana da barnamaj ɗaya na tsibirin Zanzibar da ya daɗe yana sayar wa angwaye da iyalan Larabawa. Kwana bakwai ne, masauki huɗu. A fara da tsohon gari, a haura arewa bakin teku, a gangaro gabas, a shiga kwale-kwale a kudu, a biya dajin jajayen birai. Ranar ƙarshe da yamma sai a leƙa gonar kayan ƙamshi na awa biyu, a wuce filin jirgi. Na haddace shi kamar karatun allo, kuma ina ji da kaina a kai.

Wata Talata ce bayan la'asar, a tsakiyar zafin nan na Riyadh da ko ƙarfen ƙofa ba ya taɓuwa. Ƙamshin kanumfari da citta ne ya riga shi shigowa. Dattijo ne siriri, ɗan Haɗeja, ya kusa shekara talatin yana sayar da kayan yaji a kasuwar Utaiqa, a shagon kafilinsa, wato ɗan ƙasar da yake zaune a ƙarƙashin sunansa. Ya yi sallama, ya laluba bayan kujera da hannu ya zauna. Na ɗauka gajiya ce.

“Malam Habu ne?” ya ce. “An ce kai ne ɗanmu a nan. Zanzibar nake so, mako guda, ni da mai ɗakina. Ita daga Kano za ta taso mu haɗu a can, daga nan mu wuce gida tare. Na gama zaman Saudiyya.”

Na ce masa, “Baba, ka zo inda ya dace.” Na juya masa allon kwamfuta na fara zuba. Ga tsohon gari da ƙofofinsa na katako, ga faɗuwar rana a arewa, ga birai. Kowane hoto na buɗe sai ya sunkuyo ya ce, “Masha Allah.” Sau biyu yana tambayata, “To gonar kanumfarin fa?” Sau biyu ina ce masa tana nan a ranar ƙarshe, kada ya damu. A raina har na ɗan ji haushi. Ina nuna wa mutum teku yana tambayata gona, kamar bai ƙoshi da kayan yaji ba.

Na zo kan bakin tekun gabas ina kwarzanta farin yashinsa, idona a kan fuskarsa, hannuna yana danna maɓalli. Ya sunkuyo ya ce, “Masha Allah, fari fat kuwa.” Na waiwaya in nuna masa inda masaukin yake, sai na ga ashe na danna wani shafi daban. Jadawalin tashin jirage ne a kan allon, farar takarda da rubutu da lambobi, babu teku babu yashi.

Na katse bayanin a tsakiya, ya kuwa lura.

“Ba shi ba ne ko?” ya tambaya a hankali.

Na ce, “Ba shi ba ne, Baba.”

Ya jingina da kujera ya ɗan yi murmushi. Ya ce ciwon suga ne ya sauka a idon. Na hagu ya riga ya tafi, na dama kuma kamar ta cikin hayaƙi yake gani, da safe ya fi dama-dama. Likita ya gaya masa abin da ya rage ba zai wuce 'yan watanni ba. Na tambaye shi yadda yake yi a shago. Ya ce hanci da hannu sun ishe shi sanin kowane buhu. Sikeli kuma sai ya juya wa mai saye ya ce ya karanta da kansa, mutane har yabonsa suke yi wai ya cika gaskiya.

“Shekara talatin ina auna kanumfari,” ya ce. “Da shi na aurar da 'ya'ya, da shi na yi gini. Ban taɓa ganin uwar da take haifarsa ba. Ina so in gan ta kafin a rufe mini. Sauran abin da ka nuna, don Hajiya ne.”

Wallahi ban taɓa jin kunya a wurin aiki irin ta ranar ba. Kusan awa guda ina nuna wa bawan Allah hotuna yana taya ni da Masha Allah don kada in ji ba daɗi, abin da ya kawo shi kuma na jefa shi ƙarshen mako, da yamma, lokacin da idonsa ya fi rauni.

Ya roƙe ni abu ɗaya, kada maganar ta fita. Bari in yi wa sababbin cikinku bayani. Mai iƙama, wato takardar izinin zama, idan zai bar ƙasar nan gaba ɗaya, kafilinsa ne yake buga masa huruj niha'i, wato fitar da ba dawowa, kuma daga ranar da aka buga akwai ƙidayayyun kwanakin da dole ya fita a cikinsu. Bizar can kuwa, mu masu fasfon Najeriya ba a ba mu a filin jirgi, sai an nema tun da wuri an jira, kuma ba wanda zai ce maka ga ranar fitowarta. Idan kafili ya ji labarin idon ya yi saurin sallamarsa kafin biza ta fito, to Kano kai tsaye ke nan, Zanzibar ta wuce shi. Saboda haka dole biza ta fara fitowa, sannan ya je ya yi wa kafili bayani da bakinsa. Ita ma Hajiya Amina, matarsa, bai gaya mata ba. Ya ce ba maganar waya ba ce.

Washegari na tura takardun bizarsu su biyu, na zauna na wargaza barnamaj ɗin. Na ɗauko gona daga ranar ƙarshe na kai ta ranar farko, na ba ta safiya uku a jere, don in hadari ya rufe rana ɗaya a samu wata. Masauki huɗu na mayar da su biyu, duka a ƙasa babu hawa bene. Na cire kwale-kwale. Zagayen tsibirin na bar shi a mota, a hankali, don Hajiya ta ga teku ta ga tsohon gari. Na kai wa Ustaz Usman ya sa hannu, don babu tsarin da yake fita ba da sa hannunsa ba.

Ya karanta sau biyu ya cire tabarau. “Ya Abubakar, safiya uku a gona? Idan mutumin nan ya koma ya ce an cuce shi, sunan wa zai ɓaci?”

Na ce, “Nawa, Ustaz.”

“Akwai abin da ba ka gaya mini ba.”

“Akwai. Amana ce.”

Ya daɗe yana kallona. Mutum ne mai faɗa, kun san shi, amma ranar bai yi faɗan ba. Ya sa hannu ya miƙo mini takardar.

Daga nan na kira Hamisi, direban da yake karɓar baƙinmu a tsibirin, muna magana da shi da Larabci. Shi na gaya wa gaskiya ban faɗi suna ba, don ba yadda zai yi aikin bai sani ba. A bakinsa na fara jin abin da ban sani ba duk da tallar gonar da nake yi. Kanumfari ƙundun fure ne, ana tsinke shi kafin ya buɗe a shanya. Idan aka bari ya buɗe ya tashi daga kayan sayarwa. Ya ce yanzu ake tsakiyar tsinka, in baƙon zai zo ya zo da wuri, in ya makara ganye kawai zai tarar.

Biza kuwa shiru. Mako uku, mako biyar. Kullum da safe kafin in sha shayi sai na duba, in ga ana kan aiki. Malam Isyaku yakan biyo duk Talata, ba ya tambaya, sai ya ajiye mini ƙullin citta ya ce a gaida iyali. A zuwansa na shida na ga ya wuce kujerar, sai da na kama hannunsa na zaunar da shi. Ranar na kasa cin abinci. Ga ido yana tafiya, ga gonaki ana kwashewa, ni kuma ba ni da ikon komai sai duba allo.

Na sake kiran Hamisi. Ya ce gonakin da ake kai baƙi duk an gama tsinke su. Sai dai ya ce kawunsa yana da 'yar gona a kan tudu, nasa yakan makara da nuna, wannan makon zai gama. Bari ya je ya same shi. Bayan kwana biyu ya kira ni.

“Na gaya wa tsohon,” ya ce. “Ya ce akwai ƙaramar bishiya a bayan ɗakinsa, rassanta suna ƙasa, ba sai an hau ba. Zai bar ta.”

Na ce, “In ya buɗe fa kafin su zo? Ai ya yi asara. Gaya masa za mu biya.”

“Na faɗa masa. Ya ce shi ba ya sayar da wannan. Mutumin da ya yi shekara talatin yana sayar da kayanmu a ƙasar Larabawa, in ji shi, ai abokin sana'a ne.”

A mako na takwas biza ta fito. A ranar Malam Isyaku ya je ya yi wa kafilinsa bayani, aka buga masa fita, na yanka tikiti biyu, ɗaya daga Riyadh ɗaya daga Kano. Ni na kai shi filin jirgi da motata, na haɗa shi da ma'aikatan da suke raka marasa ƙarfi har bakin jirgi. Da za mu rabu ya riƙe hannuna da hannu biyu ya ce, “Ko ban gani ba, ka yi naka.”

Kwana biyu bayan haka, da hantsi, ina wannan teburin, saƙon murya ya shigo daga wayar Hamisi. Ina jin tsuntsaye a bayansa, da muryar mace tana sheshsheka ƙasa-ƙasa, na gane ya gaya wa Hajiya. Sai muryarsa.

“Malam Habu, mun zo. Tun mota ba ta tsaya ba na ce musu ga ta can, hancina ya gaya mini. Bishiyar dai inuwa na gani, ba zan yi maka ƙarya ba. Amma tsohon ya karyo mini reshe, rabi ya riga ya buɗe, rabi bai buɗe ba. Na juya wa rana baya na kawo shi dab da idon dama.” Ya ɗan tsaya. “Ashe ja ne, Malam Habu. Shekara talatin na ɗauka baƙi Allah ya halicce shi. Ashe ja ne.”

Na tashi na shiga ɗakin Ustaz Usman na kunna masa, na fassara masa, na ba shi labarin tun daga farko, tunda amanar ta kai inda za ta. Ya juya kujerarsa ya fuskanci bango na ɗan lokaci. Tun daga ranar, gona ta koma safiya a barnamaj ɗinsa.

Sun gama makonsu lafiya, sun zagaya tsibirin, sun wuce gida. Kafin sanyin shekarar ya fita Hajiya Amina ta kira ni daga Haɗeja ta ce idon ya rufe gaba ɗaya. Ta ce bai tayar da hankalinsa ba. Duk wanda ya zo dubiya sai ya sa an kawo kanumfari a tafin hannu, ya tambaye shi ko ya san launinsa a kan bishiya.

Abin da na koya ke nan a sana'ar nan. Mutanenmu ba sa faɗin abin da yake damunsu a gaban tebur, za su ce maka Masha Allah har ka gama, su biya su tafi. Da ban danna shafin da ba shi ba ranar nan, da na tura dattijon nan zagayen masauki huɗu, ya isa gona da yamma a ranar ƙarshe bayan an tsinke komai, kuma da ya yi mini godiya. Shi ya sa in mutum ya zauna a gabana ba na taɓa juya masa allo sai na tambaye shi me yake so ya gani, kuma me ya sa yanzu. In ya maimaita tambaya sau biyu, ku ajiye abin da kuke yi ku saurare shi.